Ɗumama Kashin Dabbobi Kafin a Yi Gas da Shi

 

Yau maganar wutar girki za mu yi. Kowace mace ta san yadda icce da gawayi suka yi tsada, ta kuma san abin da hayaƙi ke yi wa ido da ƙirji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kaɗai mutum wajen miliyan 3.2 ne suka rasu sanadiyyar gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda akasarinta daga murhun girki take fitowa. Mu mata da yaran da muke goye da su mu ne a bakin murhu. Shi ya sa duk wata hanya ta samun wuta marar hayaƙi ta cancanci mu zauna mu fahimce ta da kyau. Ɗaya daga cikin hanyoyin ita ce gas ɗin da ake samu daga kashin dabbobi, wanda ake kira bayogas. Akwai kuma wata magana da ke yawo a kansa, cewa wai in aka dafa kashin kafin a zuba shi, gas ɗin ya fi yawa. Maganar tana da tushe. Amma kafin wata ta ɗora tukunya, bari mu bi ta daki-daki.

Da farko, ga wadda ba ta taɓa gani ba, abin kamar ƙatuwar randa ne da ake ginawa a cikin ƙasa da bulo da siminti, a rufe ta ruf yadda iska ba za ta shiga ba. Tana da baki ɗaya da ake zuba kashin da aka dama da ruwa, da wani bakin da tsohon ke fita, sai bututu a sama da ke kai gas har madafa. Mu a nan za mu riƙa ce mata randar gas. A cikinta akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ba sa son iska, su ne ke cin kashin suna fitar da gas. Fiye da rabin gas ɗin, wajen kaso 60 cikin 100, wata iska ce mai kamawa da wuta da ake kira metan. Sauran kuwa yawanci irin iskar nan ce da muke fitarwa in mun yi numfashi. Wutarsa shuɗiya ce, ba ta baƙanta tukunya. Ba kuma sabon abu ba ne. A ƙauyukan ƙasar Sin an gina irin wannan randa miliyoyi, haka a Indiya, inda suke kiransa gobar gas. Kada gabanki ya faɗi, ba gobara ake nufi ba, gobar a harshensu kashin saniya ne. Nan kusa da mu ma, tun wajen 2009 aka fara wani babban shiri na gina wa gidaje ita a Burkina Faso da Habasha da Kenya da Tanzaniya da Yuganda, kuma an gina dubbai.

To, mene ne ya kawo maganar dahuwa? Ki ɗauki kashin saniya ki duba shi da kyau, za ki ga zare-zaren ciyawa da guntayen kara a ciki. Saniya ta riga ta ci, ta yi tuƙa, cikinta ya tatse duk abin da ke da sauƙin narkewa. Abin da ya fito shi ne wanda ya gagare ta. Akwai wani sinadari mai tauri da ake kira liginin, shi ne ke sa karan dawa ya tsaya da ƙafarsa, shi ne kuma ke lulluɓe abincin da ƙananan halittun nan ke nema kamar yadda ɓawo ke lulluɓe ƙwaya. Sai sun sha wahala kafin su fasa shi. Wannan matakin na fasawa shi ya fi kowane jinkiri a cikin randa, shi ya sa kashi kan yi kwana 40 zuwa 60 a ciki, amma duk da haka wani sashe mai yawa yakan fita ba a ci shi ba.

Mu mata ba sai an yi mana dogon bayani a kan wannan ba, don mun san aikin daddawa. Ba wadda za ta ɗebo kalwa ɗanya ta rufe a kwando ta ce tana jiran daddawa. Sai an dafa ta, dahuwa mai tsawo, wani lokaci wuni da kwana, har ɓawon ya saki. A surfa, a wanke, a sake dafawa, sannan a rufe ta a wuri mai ɗumi kwana biyu ko uku. Dahuwar ba ita ce ta mai da kalwa daddawa ba. Ta dai buɗe ƙofa ne, ƙananan halittu suka shiga suka yi aikinsu. Haka abin yake ga kashin dabbobi. Zafi yana sassauta zaren ciyawar, ya kumbura shi, wani sashe ya narke cikin ruwa, sai masu cin su same shi a saukake, gas ya fito da wuri, wani lokaci ya fi yawa. Har ma akwai masu binciken da ke haɗa zafin da farar ƙasa ko wani sinadari mai kaifi irinta, kamar dai yadda muke jefa kanwa cikin wake don ya yi saurin laushi.

A nan sai mu rarrabe abu biyu da ake yawan haɗawa. Akwai zafin dahuwa, wanda ake yi wa kashi tun bai shiga randa ba. Akwai kuma ɗumin da randar kanta ke buƙata kullum. Halittun da ke yin gas a randar gida sun fi jin daɗin aiki a wajen digiri 35 zuwa 37 na ma'aunin Salshiyos, wato kusan ɗumin jikin mutum. Ba abin mamaki ba ne, tunda daga cikin saniya suka fito. In sanyi ya yi ƙasa da digiri 20 sai aikinsu ya ja baya, in ya kai wajen 15 sai gas ya ragu ƙwarai. In kuma aka antaya musu abu mai tsananin zafi, to an kashe su. Ki tuna kindirmo. Ana tafasa madara, amma ba a zuba tsohon nono a ciki sai ta huce ta koma ɗumi-ɗumi. Wadda ta yi gaggawa ta san abin da ta samu.

Inda aka fi yin dahuwar nan shi ne a manyan masana'antun gas na Turai. A ƙasar Denmak, tun shekarun 1980 manoma ke haɗa kai su gina masana'anta guda, motoci su riƙa kwaso kashin dabbobi daga gonaki da yawa suna kaiwa can, a haɗa da sharar mayanka da ragowar abinci. Wata doka da Tarayyar Turai ta kafa a 2002 ta ce irin wannan shara ta mayanka da makamantanta sai an riƙe ta a zafin digiri 70 na tsawon awa ɗaya cur. Ku lura, ba don ƙarin gas aka yi dokar ba. An yi ta ne don kashe ƙwayoyin cuta, kada a kwashi ciwon garke ɗaya a watsa shi a gonakin mutane ta hanyar taki. Daga nan ne masu bincike suka yi ta auna ko wannan zafi yana ƙara gas ɗin ma.

Akwai wata hanya da ta fi wannan zafi nesa. A tsakiyar shekarun 1990, a garin Hamar na ƙasar Nowe, wani kamfani mai suna Cambi ya fara dafa dagwalon magudanar birni a cikin manyan tukwanen ƙarfe da ake ɗaure wa murfi, da tururi mai zafin wajen digiri 165, na kimanin rabin awa. Sai a saki murfin bututun farat ɗaya, abin da ke ciki ya tarwatse, kamar yadda masara ke fashewa ta zama gugguru. Yau manyan birane irin su Landan da Washintan suna amfani da wannan hanya. An gwada ta a kan kashin dabbobi ma. Sai dai an gano cewa zafi yana da iyaka. In ya wuce wajen digiri 180, zaƙin da ke cikin abin da sinadarin gina jiki sai su haɗu su ƙone, su zama wani abu baƙi-baƙi da halittun ba sa iya ci, har yakan hana su aiki. Kamar tuwo ne, in wuta ta yi daidai ya nuna, in ta yi yawa sai ƙanzo da ƙauri.

To nawa ne ƙarin? Sakamakon ya bambanta ƙwarai. A yawancin gwaje-gwajen da aka yi da kashin shanu, ƙarin bai kai rabin abin da ake samu da ma ba. A wasu kaɗan ne, a wasu babu, a wasu ma raguwa aka samu. Ya danganta da abin da dabbar ta ci, da yawan zafin, da tsawon lokacin da aka yi ana dafawa.

Yanzu mu dawo tsakar gida mu yi lissafi irin namu na masu sana'a, don a nan maganar take. Gida mai shanu biyu ko uku a turke zai iya tara kilo 25 na ɗanyen kashi a rana. Ana dama shi da ruwa daidai wa daida, wato lita 25, jarka guda ke nan. Kilo ɗaya na ɗanyen kashin saniya yana ba da gas wajen lita 40, saboda haka kilo 25 zai ba da wajen lita 1,000. Wannan zai yi miki girkin awa biyu zuwa uku a kan murhu ɗaya. To a ce kin ƙudura sai kin kai wannan dami na lita 50 zafin digiri 70 kamar na Turawa. Ruwa abu ne mai shan wuta, kowa ta san daɗewar da tukunyar ruwan wankan jego ke yi kafin ta yi zafi. Ga shi kuma kusan rabin zafin murhu a iska yake tafiya, ba ya shiga tukunya. In aka lissafa, sai kin ƙona wajen lita 800 daga cikin lita 1,000 ɗin nan kafin ki kai inda kike so. Ko da kashin kaɗai kika dafa ba tare da ruwan damin ba, wajen lita 400 sun tafi. Ƙarin da kike nema kuwa da wuya ya biya wannan. Kin ga an ci uwar kuɗi ana neman riba. In kuma da icce za ki dafa, to me aka yi ke nan? Iccen da hayaƙin da aka gudu su aka komawa, ga warin da zai hana maƙwabta sakat.

Su Turawan da ke yi, ba gas ɗin girkinsu suke ƙonawa ba. Da yawa daga masana'antun suna kunna manyan injinan lantarki da gas ɗin, injin kuwa dole ya yi zafi, sai su kama wannan zafin da da ma zai tafi a banza su yi dahuwar da shi. Suna kuma bi da bututun dafaffen kashi kusa da na ɗanye, mai fita ya ɗumama mai shiga. Ke ba ki da wannan a gida. Don haka ni dai ban ga dalilin da zai sa mace ta ɗora kashin dabba a wuta don neman ƙarin gas ba. Musamman ina jan kunne, kada wata ta ji labarin tukunyar Nowe ta zuba kashi a duro ta toshe bakinsa ta hura wuta a ƙasa. Duro zai iya fashewa ya ƙona duk wanda ke kusa.

Abin da muke da shi wanda su ba su da shi ita ce rana, kuma kyauta ce. A watannin zafi randar da ke binne cikin ƙasa tana samun ɗumin da ya ishe ta, ba ta neman taimakonki. Matsalar tana zuwa ne da hunturu, daga Disamba zuwa farkon Fabrairu, lokacin da ruwan randa kan kwana ya yi sanyi ƙarara har mutum ya ji tsoron alwala da shi. In kika dama kashi da wannan ruwan da sassafe kika zuba, kin sanyaya cikin randar gas da hannunki. Kwana kaɗan sai ki ga wuta ta yi rauni, shinkafa ta ƙi nuna, a fara cewa magini ya cuce mu, alhali ba laifinsa.

Dabarar da ake koya wa manoma a wuraren sanyi na Indiya da Nepal mai sauƙi ce. Ki dama kashin da hantsi a cikin ɗan kwamin da ake damawa, ki toshe ramin da ke zurarawa ciki, ki rufe saman da farar leda mai nuna ciki, ki danne gefunanta da duwatsu. Ledar tana barin hasken rana ya shiga, ta hana ɗumin fita, ta kuma tsare ƙudaje da kaji. Ki bar shi haka har bayan azahar, wajen ƙarfe biyu ko uku, sannan ki buɗe ya gangara. Ruwan damin ma, ki ajiye shi a baƙar jarka ko baƙin bokiti a inda rana ta fi bugawa a tsakar gida. Kafin ki saki, ki gwada kamar yadda kike gwada ruwan wankan jariri. In ɗumi ne mai daɗi, to ya yi. In ya fi ƙarfin hannu, a jira ya huce. Wannan ba dahuwa ba ce irin ta masana'anta, ba zai fasa zaren ciyawa sosai ba, amma yana jiƙa shi, yana kuma tsare ɗumin randa, wanda shi ne ya fi yi miki amfani. Halittun nan ba sa son sauyi na farat ɗaya, yau zafi gobe sanyi. Gara ki tsayar da lokaci guda ki riƙa zubawa kullum. Ki kuma sa yara su lulluɓe saman randar da tattaka ko ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa mai kauri, kamar yadda ake lulluɓe kwandon daddawa, amma a bar wurin bututu a fili. A arewacin Sin da kan duwatsun Bolibiya, inda sanyi ya fi namu nesa ba kusa ba, har rumfar leda suke yi wa randar gaba ɗaya.

Na san yawancinmu ba shanu muke kiwo a gida ba, awaki ne da tumaki da ragon layya, sai kaji. Kashin awaki da tumaki yana ba da gas, amma ƙwallaye ne masu tauri. In aka zuba su haka nan sai su taso sama su yi ɓawo mai kauri, ya hana gas fita. Su ne suka fi buƙatar shiri. A share su ba tare da ƙasa da tsakuwa ba, don yashi yana taruwa a gindin randa ya cinye wuri. A farfasa su, a jiƙa cikin ruwa mai ɗumi kwana biyu ko uku a rufe, har su saki su zama kamar kunu, sannan a zuba. Kashin kaji kuwa yana da kaifi, irin warin nan mai shiga hanci da kike ji in kin buɗe akurki. Zafi yana ƙara masa wannan kaifin, kuma in ya yi yawa yana sa masu yin gas su daina aiki. Saboda haka kada a zuba shi shi kaɗai, a riƙa surka shi da na shanu ko na awaki.

Wata za ta ce, to ai shanya kashi a rana ma ɗumamawa ce. A'a, ba ɗaya ba ne. In kashi ya kwana biyu a fili iska na dukansa, wasu halittun daban masu son iska sun riga sun cinye mai sauƙin, rana ta kashe masu yin gas, abin da ya rage busasshen zare ne. Ɗanye na ranar shi ne mai albarka. Haka kuma ranar da za a fara cika sabuwar randa, ɗanyen kashin shanu ake so wanda ba a yi masa komai ba, ko a roƙo ruwan wata randar da ke aiki, domin shi ne tsohon nonon da zai tayar da sabon.

Kanwa da toka da na ambata ɗazu, misali ne kawai na ba ku, kada a ɗeba a zuba. Masu binciken da ke amfani da irinsu suna da abin aunawa, suna kuma daidaita kaifin kafin su ba halittun. Cikin randa ba ya son tsami, ba ya son kaifi, tsaka-tsaki yake so. Haka ruwan wanki mai sabulu ko omo, da ruwan da aka sa wa maganin kashe ƙwayoyin cuta, duk a nisanta su. In an yi wa dabba allurar kashe ƙwayoyin cuta ko an ba ta irin wannan magani, a ware kashinta na wasu kwanaki a kai shi juji.

Saura maganar abin da ke fitowa ta ɗaya bakin. Taki ne mai kyau, ba shi da wari sosai, kuma shuka na saurin shan sa. Mai 'yan alayyahu da yakuwa da zogale a bayan ɗaki za ta ji daɗinsa, maigida ma zai so a kai masa gona. Amma tunda ba mu yi masa dahuwar digiri 70 ba, kada mu ɗauka ya tsarkaka sarai. Zaman da ya yi a randa yana rage ƙwayoyin cuta da irin ciyawa da yawa, sai dai ƙwan tsutsar ciki yana da taurin rai, yakan tsira. A zuba takin a gindin shuka, kada a watsa shi kan ganyen da za a ci ɗanye kamar latas. Wanda ya fi ma, a tara shi da ganyaye da tattaka ya ruɓe na wasu makonni, tarin yakan yi zafi da kansa ya ƙarasa aikin. A wanke hannu da sabulu bayan an gama, a kuma hana yara wasa a wurin.

Ginin randar ba aikin kowane magini ba ne, ɗan tsagu kamar gashi ya isa ya zubar da gas ɗin duka. Wadda ke sha'awa ta yi shawara da maigida ya tuntuɓi malaman gona na yankinsu. Cibiyar binciken makamashi da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ma ta daɗe tana aiki a kan wannan fanni. In an gina, a yi wa kwamin damawa da na fitar taki murfi mai nauyi saboda yara masu rarrafe. In kin ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai a madafa, gas ne ke yoyo, kada ki ƙyasta ashana, ki rufe makunnin bututu ki buɗe ƙofa da taga. Kada kuma a taɓa barin kowa, yaro ko babba, ya shiga cikin randar don gyara ko kwashe yashi, ko da an ce an zazzage ta, sai masu aikin da suka san yadda ake fitar da iskar da ke kwance a ciki.

Lokaci ya cim mana. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a gaida yara.